LAFIYA UWAR JIKI: Yoga, Abin Ɗauka Da Abin Bari

A 'yan watannin nan, yawancin wasiƙun da ake aiko mana a kan abu biyu suke, wato ciwon baya da hawan jini. Tela yana kukan ƙugu, direban trotro yana kukan ƙugu, haka ita ma mai koko da ƙosai wadda ke zaune a kan 'yar kujera tun asuba har hantsi. Daga cikin masu rubuto mana akwai waɗanda suka ce an ba su shawara su gwada wani abu da ake kira yoga. Wasu a asibiti suka ji sunansa, wasu kuma 'ya'yansu ne suka nuna musu hotunansa a waya. Tambayoyinsu uku ne: mene ne shi, yana da amfani ga jiki, kuma Musulmi zai iya yin sa? To, a wannan wata za mu bi tambayoyin nan ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan mu kawo abin da mutum zai iya yi a ɗakinsa cikin minti 15, ba tare da ya kashe ko sidi ɗaya ba.

ASALINSA

Yoga dai daga ƙasar Indiya ya fito. Kalmar ta tsohon harshensu ce na Sanskirit, kuma tushenta yana nufin haɗawa ko ɗaurewa, kamar yadda ake haɗa shanun noma biyu a karkiya guda. Littafin da aka fi jingina shi da shi na wani masani ne mai suna Patanjali, wanda ya tattara gajerun jimloli da ba su kai 200 ba, fiye da shekara 1,500 da suka wuce. Ya kasa hanyar gida takwas. Gida na farko abubuwan da za a kame ne daga gare su: cutar da wani, ƙarya, sata, bin sha'awa, da kwaɗayin tara kaya. Na biyu abubuwan da za a lizimta ne, irin su tsabta, wadatar zuci, horar da kai da karatu. Na uku shi ne yadda za a zauna, na huɗu sarrafa numfashi. Sauran huɗun kuwa duk a kan tattara hankali suke da zurfafa tunani, har mutum ya kai ga abin da su a addininsu suke ɗauka shi ne kuɓutar rai.

Abin lura a nan shi ne Patanjali bai koyar da lanƙwashe-lanƙwashen da muke gani a hotuna ba. Shi zama kawai yake nufi, irin wanda mutum zai daɗe a kai bai motsa ba. Ko a ƙarni na 15, lokacin da aka rubuta wani sanannen littafinsu mai suna Hatha Yoga Pradipika, siffofin jiki 15 kacal aka bayyana a cikinsa.

Yawancin motsin da ake kira yoga a yau bai wuce shekara 100 da 'yan kai ba. Wani malami mai suna Krishnamacharya, wanda aka haifa a 1888 ya rasu a 1989, ya koyar da samari a fadar sarkin Maisur da ke kudancin Indiya a shekarun 1930. Masu binciken tarihi sun nuna cewa a wannan zamani an gauraya tsofaffin siffofin da atisayen 'yan kokawar Indiya da kuma motsa jiki irin na Turawa da ake yi a makarantu da barikin soja. Ɗaya daga cikin almajiransa, B.K.S. Iyengar, ya tashi yaro ne mai yawan laulayi, amma sai da ya kai shekara 95 kafin ya rasu a 2014. Littafinsa na 1966, mai ɗauke da siffofi wajen 200, yana cikin waɗanda suka fi yaɗa abin a Turai da Amurka. Shi ne kuma ya shahara da koya wa marasa ƙarfi su riƙa taimaka wa kansu da bango, kujera, ɗamara da matashi.

A ranar 11 ga Disamba 2014, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Yuni na kowace shekara ta zama ranar yoga ta duniya, aka kuma fara bikinta a 2015. Daga nan ne sunan ya ƙara shiga kunnen mutane a ƙasashenmu na Afirka.

MAGANAR ADDINI

Wannan ita ce tambayar da ta fi damun masu rubuto mana, kuma suna da gaskiya da suka tambaya, domin matambayi ba ya ɓata. Mu malaman boko ne, ba mu da hurumin ba da fatawa. Abin da za mu iya shi ne mu shimfiɗa abin da ya faru a tarihi, kowa ya ɗauka ya kai wa malaminsa na unguwa.

Musulmi sun daɗe da sanin yoga. Abu Raihan Albiruni, babban masanin lissafi da taurari wanda aka haifa a shekarar 973, ya koyi Sanskirit, ya fassara littafin Patanjali zuwa Larabci kusan shekara 1,000 da suka wuce, domin Musulmi su san abin da mutanen Indiya suka yi imani da shi. A zamaninmu kuwa, majalisar fatawa ta ƙasar Maleshiya ta hana Musulmin ƙasar yin yoga a watan Nuwamba 2008, saboda abin da ke tattare da shi na rera kalmomin bauta da aƙidar Hindu. A watan Janairu 2009 majalisar malaman Indunusiya ta rarrabe abin: wanda aka haɗa da bautar Hindu da karance-karancensu ta haramta shi, wanda kuma motsa jiki ne zalla ta bar shi a kan halas. A 2017 Saudiyya ta ba da izinin koyar da shi a matsayin wasan motsa jiki.

In aka dubi waɗannan hukunce-hukunce za a ga damuwar malaman guda ce, wato bauta. A cikin ajin yoga na gargajiya akan buɗe da rera kalmar da mabiya Hindu ke tsarkakewa, akan karanta addu'o'insu, akwai kuma wani jerin motsi da sunansa yake nufin gaishe da rana, wanda wasu ke yi suna fuskantar gabas da hantsi suna ambaton sunayen rana. Wannan ibadarsu ce, kuma muna da maƙwabta masu wannan addini a nan Ghana, har suna da gidan ibada a Odorkor cikin Accra tun 1975. Muna zaune lafiya da su, ba ma zagin abin da suke girmamawa, amma ba ma shiga cikinsa. Miƙe baya da jan numfashi a hankali kuwa ba su da addini, domin jikin Bahindu da na Bahaushe gaɓoɓinsu ɗaya ne.

Akwai wata magana da muke ji a bakin samari a majalisar ataya, wai ai salla ma yoga ce tunda akwai ruku'u da sujada. Muna roƙo a bar wannan magana. Salla ibada ce da ake yi don Allah, da niyyarta da sharuɗɗanta, ba a tsayar da ita don a warkar da ƙugu. Motsa jiki kuma sha'anin duniya ne kamar shan magani. Kowanne a bar shi a muhallinsa.

ABIN DA LIKITOCI SUKA GANO

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu a duniya, kuma shi ne kan gaba a cikin abubuwan da ke nakasa mutane su kasa aiki yadda ya kamata. Mafi yawan wannan ciwo ba karaya ba ce, ba kuma wata muguwar cuta ba ce a ciki. Tsokoki ne da jijiyoyi suka sanƙare saboda daɗewa a siffa guda, wasu kuma suka yi rauni saboda rashin aiki.

Mu dubi yadda rayuwarmu ta canja a zango. Kakanninmu a tabarma suke zama su harɗe ƙafa, su tsuguna, su tashi, sau da yawa a wuni. Mata suna daka, suna jan ruwa a rijiya, maza suna tafiya da ƙafa daga Aboabo zuwa kasuwa su komo. Har yau in ka dubi almajirin makarantar allo za ka ga yana zaune a ƙasa sa'a biyu ba ya ko gezau. Mu kuwa yanzu daga kujerar roba sai kujerar mota, daga nan sai gado, wuya a sunkuye a kan waya. Gaɓar da ba a motsa ta kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba ce, ranar da aka tura ta sai ta yi ƙara.

A 2017 ƙungiyar likitocin cututtukan ciki ta Amurka ta ba da shawarar cewa mai ciwon ƙugu da ya daɗe ya fara da hanyoyin da ba na ƙwaya ba, ta kuma lissafa yoga a cikinsu tare da sauran nau'o'in motsa jiki. Binciken da aka tattara ya nuna yana rage ciwon, yana kuma sauƙaƙa zirga-zirga, amma ragin matsakaici ne, kuma bai fi na sauran motsa jiki da aka tsara da kyau ba. Fifikonsa a wurinmu shi ne ba ya bukatar fili, ko takalmi, ko kuɗin shiga. Matar aure za ta yi shi a ƙuryar ɗakinta, dattijo zai yi shi yana dafe da bango.

Game da hawan jini kuwa sai mu buɗe kunne da kyau. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum ɗaya cikin manya uku yana da shi, kuma kusan rabinsu ba su ma san suna da shi ba. Jan numfashi a hankali da motsa jiki suna sauke awon jinin kaɗan, amma ba sa maye gurbin ƙwayar da likita ya rubuta. Duk wanda ya ce maka ka ajiye maganinka domin yoga zai warkar da hawan jini ko ciwon sukari, to yana tura ka ne zuwa ga shanyewar ɓarin jiki. Mun ga gidaje da yawa da mai ciyar da su ya kwanta rana ɗaya, yara suka bar makaranta. In awonka yana kai 140 bisa 90 ko fiye a lokuta dabam-dabam, wurin likita za ka, da katin inshorarka a hannu.

NUMFASHI

Mu fara da numfashi domin shi ya fi sauƙi, kuma shi aka fi yin kuskure a kansa. Baligi da ke zaune yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti guda. A ƙarƙashin huhu akwai wata shimfiɗaɗɗiyar tsoka da ta raba ƙirji da ciki. In ta sauka ƙasa sai huhu ya buɗe iska ta shiga, ciki ya ɗan turo gaba, in ta koma sama sai iska ta fita. Dubi jariri yana barci za ka ga cikinsa ne ke tashi yana sauka. Da yawa daga cikinmu, musamman lokacin damuwa, da saman ƙirji da kafaɗu muke numfashi, gajere-gajere, wanda ke ƙara gajiyar wuya.

Ga wani ɗan gwaji da muke sa ɗalibai su yi a aji. Ɗora yatsu biyu a wuyan hannunka inda jijiya ke harbawa. Ja iska a hankali, sa'an nan ka sake ta a hankali. In ka natsu za ka ji bugun yana ɗan sauri lokacin da iska ke shiga, yana kuma lafawa lokacin da take fita. Dalili shi ne akwai wata doguwar jijiya da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta bi ta wuya zuwa zuciya da hanji, wadda aikinta ya yi kama da na birki, kuma ta fi kamawa lokacin fitar da numfashi. Saboda haka in mutum ya tsawaita fitar da iska, zuciyarsa takan lafa, hankalinsa ya kwanta. Babu wani siddabaru a ciki, halittar jiki ce.

Yadda ake yi: zauna a kujera ko a tabarma, baya a miƙe ba tare da ƙagewa ba. Ɗora hannu ɗaya a ciki, ɗaya a ƙirji. Ja iska ta hanci kana ƙirga ɗaya zuwa huɗu, ka bar hannun da ke ciki ya taso. Sake ta kana ƙirga ɗaya zuwa shida. In ƙirgarka ta yi daidai da daƙiƙa, numfashi shida ke nan a minti. Yi haka minti uku zuwa biyar. In huɗu da shida sun yi maka tsawo, fara da uku da huɗu. A riƙa ja ta hanci, domin hanci yana tace ƙura, yana ɗumama iskar, yana kuma jiƙa ta kafin ta kai huhu, abin da muke matuƙar bukata lokacin hunturu.

Akwai wani salo da ake toshe ƙofar hanci ɗaya da yatsa a ja iska ta ɗayar, sa'an nan a sauya. Tsofaffin littattafan Indiya suna cewa yana tsarkake wasu hanyoyi na ɓoye a jiki, abin da likitoci ba su gani ba a cikin jikin ɗan Adam. Amfaninsa na zahiri shi ne yana tilasta wa mutum ya rage sauri ya kuma mai da hankali wuri guda. Wanda ya ji daɗinsa ya yi, wanda mura ta toshe wa hanci ya bari.

Iyaye, wannan ƙirga ta huɗu da shida ku koya wa 'ya'yanku masu shirin jarrabawar BECE. Yaron da ya zauna a ɗakin jarrabawa hannunsa na rawa, in ya yi ta sau biyar kafin ya buɗe takarda, zai karanta tambayar farko da natsuwa.

MOTSI SHIDA NA SAFE

A shimfiɗa tabarma ko bargo a ƙasa mai tauri, kada a yi a kan katifa. A sa tufafi masu walwala. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan sallar asuba kafin karin kumallo, ko kuma sa'a biyu zuwa uku bayan cin abinci mai nauyi. Sunayen da za mu ba su na Hausa ne don sauƙin tunawa.

Na ɗaya, tsayuwar turke. Tsaya ƙafafu a ware daidai faɗin ƙugu, nauyinka ya rabu daidai a kan tafin ƙafa biyu. Saki kafaɗu, miƙe wuya kamar ana jan ka da zare daga tsakar ka. Ja iska kana ɗaga hannuwa sama, sake ta kana sauke su. Sau biyar.

Na biyu, tsayuwar bishiya. Dafa bango da hannu ɗaya, ɗaga ƙafa ɗaya ka jingina tafinta a ƙwaurin ɗayar, kada ka ɗora a kan gwiwa. Tsaya tsawon numfashi biyar, sa'an nan ka sauya. Wannan yana horar da jiki kada ya riƙa tangaɗi, kuma dattawa sun fi kowa bukatarsa, domin faɗuwa ɗaya a banɗaki tana iya karya ƙashin kwatangwalo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wanda ya kai shekara 65 ya riƙa yin irin wannan atisaye aƙalla kwana uku a mako.

Na uku, miƙar kyanwa. Durƙusa a kan gwiwoyi da tafin hannuwa. Saki iska kana tura gadon baya sama, kai a sunkuye, kamar kyanwar da ta tashi daga barci. Ja iska kana sauke ciki ƙasa, kana ɗaga ƙirji. Sau takwas a hankali. Teloli da masu aikin ofis za su ji daɗin wannan tun ranar farko.

Na huɗu, ɗagowar gamsheƙa. Kwanta rub da ciki, tafin hannuwa a ƙasa kusa da ƙirji. Ja iska kana ɗaga kai da ƙirji kaɗan, cibiya tana nan a ƙasa, kuma tsokar baya ce za ta yi aikin fiye da hannuwa. Tsaya numfashi biyu, ka sauka. Sau huɗu. Mutumin da ya wuni a sunkuye a kan keken ɗinki ko sitiyari, wannan yana mai da bayansa ɗaya ɓangaren.

Na biyar, gada. Kwanta rigingine, tanƙwara gwiwoyi, tafin ƙafa a ƙasa. Matse ɗuwawu ka ɗaga ƙugu sama har cinya da ciki su yi layi ɗaya. Tsaya numfashi uku, ka sauka sannu. Sau shida. Yana ƙarfafa tsokokin da ke tallafe da ƙugu.

Na shida, murɗa da hutawa. Kana nan a rigingine, rungumo gwiwoyi zuwa ƙirji na numfashi biyar. Sa'an nan ka shimfiɗa hannuwa gefe da gefe, ka kwantar da gwiwoyin zuwa dama, ka tsaya numfashi biyar, ka mai da su hagu. Daga ƙarshe miƙe ƙafafu, saki jiki gaba ɗaya, ka yi ƙirgar huɗu da shida na minti uku. In za ka tashi, juya kan gefe tukuna, ka dafa ƙasa, kada ka zabura.

A KULA

Ƙa'ida ta farko ita ce jin jan tsoka ba laifi ba ne, amma zafi mai suka ko wanda ke harbawa zuwa ƙafa alama ce ta a tsaya. Kada a yi gasa da hoton da aka gani a waya. Masu waɗannan hotuna da yawansu tun suna yara suka fara, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tsayuwa a kan ka ko a kan kafaɗu, ƙafafu a sama, ba ma ba kowa shawarar ya gwada shi a gida. Yana ɗora nauyin jiki a kan ƙasusuwan wuya, yana kuma ƙara matsi a cikin ido, don haka haɗari ne ga mai hawan jini, da mai hawan jinin ido, da mai ciwon wuya. Haka nan numfashin nan mai sauri da ake fizgar ciki kamar zugazugin maƙeri, da riƙe numfashi na dogon lokaci. Saurin numfashi yana fitar da iskar kabon dayoksaid fiye da kima, sai jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa su tsuke, mutum ya ji jiri da tsiyayar yatsu, wani har ya faɗi. Mai hawan jini, mai ciwon zuciya, mai farfaɗiya, mai gwaiwa, da wanda aka yi wa aiki kwanan nan, duk su nisance su.

Mai juna biyu kada ta kwanta rub da ciki, kuma in cikin ya tsufa kada ta daɗe a rigingine. Ta tambayi ungozoma ranar awo abin da ya dace da ita. Mai ciwon gwiwa ya sa matashi a ƙarƙashinta, ko ya yi miƙar kyanwa a zaune a kan kujera, hannuwa a kan cinya. Lokacin azumi a rage, a yi shi da sanyin safiya ko bayan an sha ruwa abinci ya faɗa.

Akwai kuma ciwon bayan da ba na tabarma ba ne, na asibiti ne, kuma a ranar. In ciwon ya zo da zazzaɓi ko rama, ko ya biyo bayan faɗuwa ko haɗarin mota, ko ƙafa tana mutuwa tana ja, ko mutum ya kasa riƙe fitsari da bayan gida, ko tsakanin cinyoyinsa ya dena ji, to a bar komai a nufi likita. Tarin fuka ma yakan kama ƙashin baya, kuma yana warkewa in an gano shi da wuri.

ABIN DA YA RAGE

Minti 15 kullum ya kama minti 105 a mako. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa tana son baligi ya samu aƙalla minti 150 a mako na motsin da zai sa zuciya ta ɗan yi sauri, kuma wannan motsi shida mai laushi ne, bai kai nan ba. Saboda haka a haɗa shi da tafiya da sauri ta minti 30, kwana biyar a mako. A sauka daga mota tasha ɗaya kafin gida, a je masallacin Juma'a da ƙafa. Mai aikin zama ya riƙa miƙewa bayan kowane rabin sa'a, ko da na minti ɗaya ne. A kuma rage gishiri: abin da hukumar ta yarda da shi ga baligi bai kai giram 5 a wuni ba, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma a cikin lissafin har da wanda ke cikin dunƙulen magi da busasshen kifi mai gishiri.

Wahalar abin ba a motsin take ba, a ɗorewa take. Mutum zai fara da zafi ranar Asabar, kafin Laraba tabarmar ta koma bayan ƙofa. Shawararmu ita ce a jingina shi da abin da ba a fashinsa, kamar dawowa daga sallar asuba ko kafin a ɗora ruwan shayi. A manna takarda a bango, duk ranar da aka yi a ja layi, kamar yadda muke kiran suna a rajista. Miji da mata su tuna wa juna, uwa ta ja 'ya'yanta mata. A ba shi mako shida zuwa takwas kafin a yanke masa hukunci, domin sannu ba ta hana zuwa.

Wanda ya gwada, muna son ya rubuto mana abin da ya gani, ko daɗi ko akasinsa, tare da irin sana'arsa, don mu san abin da za mu ƙara bayani a kai. A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu tattauna a kan gishiri da magi a tukunyar gida, da yadda uwargida za ta rage su ba tare da maigida ya ture kwano ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara mana lafiya da zama lafiya, amin.